Aikin da ke Ƙarƙashin Jitar Feda

In ka hango mai kaɗa jitar feda daga nesa sai ka ɗauka tela ne zaune a kan kekensa. Kai a sunkuye, hannu biyu a kan wani ɗan tebur mai ƙafa huɗu, ƙafafunsa a ƙasa suna motsi kaɗan-kaɗan. Ba ya rungumar jitar, ba ya zagaya dandali da ita. Amma muryar da ke fita daga teburin nan tafiya take yi kamar ta mai kuka a hankali, ta ɗaga, ta lanƙwasa, ta sauko, ba ka jin inda aka yanke. Duk wanda ya taɓa sauraron faifan Juju Music na King Sunny Ade, wanda kamfanin Island ya fitar a 1982, ya san muryar nan ko da bai san sunanta ba. Demola Adepoju ne ke kaɗa ta a can, shi ne kuma ya kaɗa ta a waƙar Graceland ta Paul Simon a 1986. Gidanta na ainihi dai Amurka ne, musamman birnin Nashville a jihar Tennessee, cibiyar kiɗan kantiri.

Tsirkiya goma ce galibi a shimfiɗe a kan teburin. Hannun hagu na riƙe da wani mulmulallen ƙarfe mai nauyi yana zamewa da shi a kansu, hannun dama yana tsinka da faratan roba da na ƙarfe da aka sa a yatsu uku. Ƙafar dama tana kan abin ƙara sauti. Ƙafar hagu ita ke da fedoji, gwiwoyi biyu kuma kowace tana tsakanin liba biyu da ke rataye, ɗaya a hagunta ɗaya a damanta. In aka taka feda ko aka tura liba, wata tsirkiya ta ɗame muryarta ta hau, ko ta saki muryarta ta sauka. Wanda ya san kalangu ya riga ya fahimci rabin zancen: a matse tsirkiya a hammata fata ta ɗame, murya ta tashi. Sai dai mai kalangu damtsensa da kunnensa ke yanke masa inda zai tsaya a kowane bugu. Feda kuwa ƙarfe ce, inda aka ce ta tsaya nan za ta tsaya yau da gobe. Akwai wanda ya zauna tun kafin a fara kiɗa ya yanke mata wurin, kuma aikinsa ne ya fi burge ni a duk sha'anin jitar nan.

Matsalar da ta haifi feda tsohuwa ce. Tun da aka fara kwantar da jita a cinya ana zame ƙarfe a kanta a tsibiran Hawai, a ƙarshen ƙarni na 19, fasahar da ake jingina wa Joseph Kekuku, makaɗa suka ci karo da abu guda: ƙarfen miƙaƙƙe ne. Duk haɗin muryoyin da aka saita tsirkiyoyin a kai, shi za ka yi ta samu daga farkon wuya zuwa ƙarshensa, hawa da sauka kawai yake yi. Mai son wani haɗin sai ya sake saiti. Da haka aka fara ƙera jita mai wuya biyu, mai uku, har mai huɗu, kowane wuya da nasa saiti, kaya ya yi nauyi sai an sa mata ƙafafu. Fedojin farko, irin na Gibson Electraharp na farkon shekarun 1940, an yi su ne don rage wannan jidali. Ka taka ka sami sabon saiti, sannan ka kaɗa.

A watan Nuwamba na 1953 wani matashi mai suna Bud Isaacs ya shiga ɗaukar waƙar Slowly tare da Webb Pierce, da jitar da Paul Bigsby ya ƙera masa. Ya tsinki tsirkiyoyi, suna cikin ƙara ya taka feda. Biyu daga ciki suka zame suka hau, sauran suna tsaye inda suke. Hannu da ƙarfe kaɗai ba sa iya wannan. Waƙar ta yi mako 17 tana kan gaba a jerin waƙoƙin kantiri a 1954, makaɗa a faɗin Amurka suka rasa barci suna neman yadda aka yi. Ana ba da labarin waɗanda suka huda jitarsu suka ɗaura mata wayar rataye riga da totur ɗin tsohuwar mota. A 1956 Buddy Emmons ya raba fedar Isaacs gida biyu, kowace tsirkiya da tata, don a iya taka su tare ko ɗaya bayan ɗaya. Jimmy Day ma ya raba, amma ya jera nasa a juye. Har yau in makaɗa biyu suka haɗu, kafin ɗaya ya zauna a kan jitar ɗan'uwansa sai ya tambaya: jerin Emmons ne ko na Day?

To, a kifa jitar a ga cikinta. A cikin akwatinta ake kifa ta, ƙafafu sama, don kada tsirkiyoyi su gogi ƙasa. Abin da ido zai fara gani jerin shaf ne a gicciye, kowace feda da nata, kowace liba da nata. A kan kowane shaf an ɗaure wasu ƴan kunnuwan ƙarfe masu huda huɗu ko biyar ko fiye a jere. Daga kunne siririyar sanda ta tashi ta bi tsawon jitar har ƙarshen dama, inda macanji yake. Macanjin nan yatsun ƙarfe ne a jere, kowace tsirkiya ta hau kan nata yatsa, kuma a yawancin jitocin yau kowane yatsa yana da ɓangaren da in aka ja shi ya ɗame tsirkiya, da ɓangaren da in aka ja shi ya sassauta ta. Sifirin ne ke mayar da ɓangaren sassautawa mazauninsa. A bakin kowace sanda, ta waje, akwai ɗan notin roba da ake murzawa da ƙaramin makulli. Taka feda, shaf ya juya, kunne ya ja sanda, noti ya ja yatsa, murya ta motsa. Jita mai wuya biyu da feda takwas da liba biyar tana iya ɗaukar sanduna sama da ashirin, duk a cikin fili mai faɗin da bai kai kamu ɗaya ba, kuma ba a so ɗaya ta shafi ƴar'uwarta.

Gwani ba ya taɓa makulli sai ya rubuta jadawali. Layin tsirkiyoyi daga sama zuwa ƙasa, fedoji da liba daga hagu zuwa dama, a kowane gida a rubuta abin da wannan feda za ta yi wa wannan tsirkiya. Masu sana'ar suna kiran takardar nan kofiden, sunan da Tom Bradshaw ya ƙirƙira mata. Makaɗa suna musayarta kamar yadda masu magani ke musayar haɗi, domin in ka ga jadawalin mutum ka ga yadda yake tunanin kiɗa.

Ga misalin saitin da ya fi yaɗuwa, wanda ake kira E9. Daga tsirkiya ta farko zuwa ta goma muryoyin su ne F#, D#, G#, E, B, G#, F#, E, D, B. Alamar # tana nufin an ɗaga harafin da rabin taki. Feda ta farko, A, tana ɗaga ta biyar da ta goma daga B zuwa C#, taki guda cur. Ta biyu, B, tana ɗaga ta uku da ta shida daga G# zuwa A, rabin taki. In aka taka su tare, haɗin E ya rikiɗe ya zama haɗin A ba tare da ƙarfen hannu ya gusa ba, wato abin da Isaacs ya yi. Ta uku, C, tana ɗaga ta huɗu da ta biyar. Liba ɗaya tana ɗaga tsirkiyoyin E biyu zuwa F, wata tana sauke su zuwa D#.

A takarda abu ne mai sauƙi. A ƙarfe kuwa, mu tsaya a kan fedar B kaɗai mu gani. Tsirkiya ta uku kaurinta kashi 11 cikin 1000 na inci ne, siririya kamar gashi, an ɗame ta har tana dab da tsinkewa, ita ce ma ta fi kowace yawan tsinkewa. Ta shida kaurinta ya kusa ninki biyu. Dukansu rabin taki ake so su hau, amma siririyar sai an ja ta da nisa kafin ta kai, mai kaurin kuwa ɗan taɓi ya ishe ta. In ka sa sandunansu a huda iri ɗaya, feda za ta fara jan siririyar ita kaɗai, sai ta yi nisa sannan ta tsinci mai kaurin, ƙafa ta ji wani ɗan karo a tsakiyar hanya, kunne kuma ya ji muryoyi biyu da ba su taso tare ba. Sai gwani ya kai sandar siririyar huda ta nesa da shaf, inda juyi kaɗan ke ba da ja mai tsawo, ya kawo ta mai kaurin huda ta kusa. Ya taka da hannu a hankali, ido a kan yatsun macanji, yana duban wanne ya fara motsi. Bai yi ba, ya kwance, ya matsar da huda ɗaya, ya sake. Abin da yake nema shi ne su tashi tare su iso tare, fedar ta bi ƙafa sumul kamar ana taka auduga. Kowane zaɓi da kuɗinsa: huda ta nesa tana gajarta tafiyar feda amma ta ƙara mata tauri, ta kusa tana tausasa ta amma sai ƙafa ta yi doguwar tafiya. Wani makaɗi yana son gajeriya mai tauri don saurin kiɗa, wani yana son doguwa mai laushi don ya ja kukan a hankali. Mai saiti sai ya san wa yake yi wa aiki.

Akwai kuma abin da ɗan koyo kan ɗauka kuskure ne alhali shi ne ginshiƙin aikin, wato ɗan sakin da ake bari. In feda tana hutawa, tilas kowane noti ya ɗan rabu da yatsansa, ko da da kaurin takarda ne. Wanda bai sani ba, in ya ga feda ba ta kai murya inda ake so ba, sai ya yi ta murza noti har ya manne da yatsa ya fara ja tun ba a taka ba. Daga nan tsirkiya ba ta ƙara komawa gida. Ya gyara ta a maɗauri, inda ake murɗa tsirkiya a ɗame ta, feda ta kauce, ya gyara feda, tsirkiya ta kauce, garin neman gira a rasa ido. Maganin shi ne a kwance notin gaba ɗaya, a saita tsirkiya ita kaɗai, a ƙara wa fedar tsawon tafiya daga sukurun da ke tsayar da ita, sannan a dawo kan noti. Na sha jinjina wa wannan haƙurin, na mutumin da ya yarda ya warware aikin awa guda don kaurin takarda.

Tsofaffin jitocin kamfanin Emmons, waɗanda Buddy Emmons da Ron Lashley suka fara ƙerawa a shekarun 1960, nasu tsarin daban ne: sanda tana ja don ɗagawa, tana turawa don saukewa, kuma sai an taka feda a saita muryar sama a maɗauri kafin a dawo a saita ta hutu a ƙarshen jita. Masu su ba sa rabuwa da su saboda zaƙin murya, masu iya gyaransu kuma ƙalilan ne.

Bayan ƙarfe sai kunne, nan ne kuma aikin ya yi zurfi. Masana sun raba rabin taki kashi 100. Fiyano da jita ta hannu an saita su ne a kan rabo daidai wa daida, abin da ke sa murya ta uku a cikin haɗi ta ɗan haura inda kunne ke jin daɗinta da kusan kashi 14. A fiyano ba ya damun kowa sosai, don sautin ba ya daɗewa. A jitar feda kuwa, inda ake riƙe haɗi ya yi ta ƙara, wannan ɗan bambanci yakan fito kamar rawar sanyi a cikin murya. Shi ya sa da yawa daga makaɗa suke ɗan sauke G# da C# ƙasa da abin da na'urar saiti ta nuna, har rawar ta kwanta. F ɗin da liba ke bayarwa, da yake ta uku ce a kan C# ɗin da aka riga aka sauke, saukarta takan kai kusan ninki biyu. Sai a zo kan F#, tsirkiyar da ba ta da zama ɗaya. In aka saita ta ta dace da B, ba za ta dace da C# ɗin fedar A ba, in aka bi C# kuma B ta yi ƙorafi, tazarar ta kai kusan kashi 22. Dabarar da aka samo kyakkyawa ce: a ƙara wata sanda a kan fedar, wadda ba ta da aikin komai sai ta ɗan sassauta F# kaɗan duk lokacin da aka taka. Mai sauraro ba zai taɓa sanin tana nan ba. Haɗin ne kawai zai ji ya zauna.

Jikin jitar ma yana da nasa halin. In aka taka feda biyu da ƙarfi, katako da ƙarfen jikin sukan ɗan lanƙwasa, tsirkiyoyin da ba a taɓa ba su sauka da kashi kaɗan. Tsirkiyar da aka sauke aka saki kuma takan dawo ta ɗan haura inda ta taso, saboda gogayya a inda ta bi ta kan ƴar tayar da ke kusa da maɗauri. Ɗigon mai a wurin yana ragewa, sauran sai a lissafa da shi.

Duk wannan a saiti ɗaya ne. In makaɗi ya ce zai koma wani saitin, murɗa maɗauri shi ne mafi ƙanƙantar aikin. A ɗauki C6, saitin da ake sa wa wuyan baya na jita mai wuya biyu, wanda masu jaz da kiɗan rawa na Texas suka fi so. Tsirkiyarsa ta ƙasa kaurinta ya kai kashi 68 ko 70 cikin 1000 na inci, alhali ta ƙasan E9 ba ta wuce 36 ko 38 ba. Da kauri ya canja, nisan ja ya canja, hudar kunne ta canja, ƙarfin sifirin ya canja. Fedojinsa biyar kuma tunaninsu daban ne. Na E9 an yi su ne don a ji zamiyar, na C6 galibi don a sami haɗi mai kauri nan take. Akwai wadda take ɗaga tsirkiya ta biyu daga E zuwa F tana kuma sauke ta shida daga E zuwa Eb, wato rabin taki ƙasa, a taku ɗaya, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ta ƙarshe tana sauke babbar tsirkiyar nan daga C zuwa A, taki ɗaya da rabi, da wani gurnani da ya sa makaɗa suka raɗa mata suna buwa, daga ƙarar da take yi. Sauke tsirkiya mai kauri haka da nisa, ta kuma dawo daidai inda ta taso, aikin sifirin ne da aka ɗame shi gwargwado. Ya yi sako-sako ba za ta dawo ba, ya yi tauri ƙafa ta gaji.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne saitin gama-gari na tsirkiya 12, wanda Maurice Anderson na birnin Dallas ya yi fice da irin nasa, malami Jeff Newman kuma ya yaɗa nau'in E9/B6. Wani ya lura cewa in ka sauke tsirkiyoyin E biyu na E9 da rabin taki, abin da ya rage a hannunka haɗin B6 ne, wato C6 da aka sauke da rabin taki. Ke nan gwiwa ɗaya tana iya maye gurbin wuya guda. Aka cire tsirkiyar D, aka ƙara masu kauri a ƙasa, aka dawo da D ta hanyar liba, aka jera fedojin wuya biyu a kan wuya ɗaya. Nauyin da aka sauke wa kafaɗar makaɗi sai ya koma kan mai saiti. Tsirkiya ta biyar yanzu fedoji uku ne ke ɗaga ta, liba kuma tana sauke ta. Ta takwas tana hawa zuwa F, tana sauka zuwa D#, tana ƙara sauka zuwa D. Dole yatsan macanji ya kasance da huda uku na ɗagawa da biyu ko uku na saukewa, kuma sanduna huɗu su bi layi ɗaya, wata bisa wata, ba tare da sun gogi juna ba. Sannan ga wurin da ɗagawa da saukewa suka haɗu a kan tsirkiya ɗaya: feda ta ɗaga taki guda, liba ta sauke rabi, a sami murya ta tsakiya. Ita ma ba ta faɗowa daidai da kanta, sai an ba ta nata sukuru ko tata sanda. Muryoyi huɗu daga tsirkiya ɗaya, kowacce da wurin saitinta, kuma akwai wadda in ba a fara da ita ba sauran ba za su zauna ba.

A majami'un House of God na baƙaƙen Amurka, inda jitar ƙarfe ke jan waƙar ibada tun shekarun 1930, makaɗa irin su Chuck Campbell da Robert Randolph sun bi tasu hanyar. Saitinsu ya ginu a kan E7, an jera tsirkiyoyin yadda babban yatsa zai share su gaba ɗaya ya ba da kiɗa mai tuƙi, abin da jerin E9 ba ya bari. Randolph tsirkiya 13 yake kaɗawa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma kowane kiwo sai an sake zama a ƙarƙashin jita an jera masa sanduna.

Ko sauya jerin Emmons zuwa na Day, wanda a ido musayar feda biyu ne kawai, yana jawo wani aikin. Fedar A tana tafiya ne tare da libar da ke ɗaga E zuwa F, fedar B kuma tare da mai saukewa. A jerin Emmons, A tana can hagu, ƙafa takan karkata hagu ta taka ta ita kaɗai, gwiwa ma hagu take bi, don haka libar F a hagun gwiwa take. Da an juya fedoji sai a juya liba, in ba haka ba idon sawu zai nufi gabas gwiwa ta nufi yamma.

Shi ya sa aikin ba ya ƙarewa a kife. Sai an ɗaga jitar an tsayar da ita a kan ƙafafunta, an maƙala sandunan fedoji, mai ita ya jawo kujerarsa ya zauna da takalmin da ya saba kiɗa da shi. Ya taka A da B tare, ya mirgina ƙafa ya saki A yana riƙe da B, ya ji ko gefen takalmi yana shafar wadda ya saki. In yana shafa, a murɗa sandar fedar a sauke ta kaɗan. Ya tura gwiwa hagu, libar ta yi masa nisa da yatsa biyu, a kwance sukuru a karkato ta. Ya tsinki ta uku da ta huɗu da ta biyar, ya taka a hankali yana saurare, ya saki, ya dubi na'urar saiti ya ga ko allura ta dawo tsakiya. In ta biyar ta dawo da ɗan saura, sai a tashi a buɗe akwati a sake kifa ta.